Katako Uku da Ka Bar Mini

Yalwa, ƙasar Rano,
ƙarshen damina.

Zuwa ga autana Nasiru,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka a hanyar Kano zuwa da dawowa, ya raba ka da direban da yake jin kamar don shi kaɗai aka zuba kwalta. Matarka Dije da 'yarku, takwarata, suna nan wurina lafiya lau, suna gaishe ka. Sauran labarin gida ka ji shi a waya, ba shi ya zaunar da ni rubutu ba.

Na san za ka ce me ya hana Inna ta kira ni. Abin da ya hana shi ne ba ka barina in kai aya. Ina ɗauko magana sai ka ce, “To Inna, na ji Inna,” alhali ba abin da ka ji. Takarda ba ta katse mutum. Don haka ka nemi wuri ka zauna, ka yi haƙuri da rubutun 'yar yaƙi da jahilci.

Zuwanka na ƙarshe ka dire mini guntayen katako guda uku a kan tabarma, ka ce in zaɓi wanda za a shimfiɗa a ƙasan ɗakina a gidan da kake ƙarasawa a Kano. Ka ce tayal da siminti suna da sanyi, gwiwoyina ba sa so. Na dube ka, ban zaɓa ba. Auta, tun kana goye na san wayonka. Ka haɗa tambaya biyu ka mayar da ita ɗaya, domin ka san ranar da na ce ga katakon da nake so, na amsa zan bi ka ke nan.

Ba jan rai ya sa ban ba ka amsa ba. Gidan nan aka kawo ni ina amarya, a nan na haife ku duka, daga nan aka ɗauki mahaifinku zuwa makwancinsa. Yayyenka kowa ya kama gabansa, kai kaɗai ka rage mini, yanzu kai ma aiki ya ja ka, kuma da an gama ginin za ka kwashe Dije da yarinyar. In na zauna, ni da kaji ne. In na bi ka, zan je inda ban san kowa ba, da furfurata. Abin yana hana ni sukuni, ba zan ɓoye maka ba. Amsar tana ƙarshen takardar nan, amma kada ka tsallake ka je can, na san halinka. Ka bi ni a hankali. Ƙasan ɗaki iri huɗu na taka a gidan nan, kuma babu wanda ban tafka wauta a kansa ba.

Na farko daɓe ne. Ka san daɓen da yake rumfar ƙofar ɗakina, amma ba ka taɓa ganin ana yin sa ba. Maza ne za su ɗebo marmara a jaki, jar tsakuwar nan ta bayan gari, a jiƙa ta a baza. Sai mata su zo, kowacce da madaɓinta, wani guntun icce mai faɗin ciki da mariƙi. Su durƙusa a jere su yi ta bugu tare, suna waƙa suna zolayar maigidan. Ana bugu ana yayyafa makuba, wato ruwan da aka jiƙa ɓawon ɗorawa a ciki, har ƙasar ta haɗe, ta yi ja mai duhu tana ɗaukar ido. Ba a biyan kowa. Fura ce da goro, sai kuma ranar da za a yi na wata, ke ma ki ɗauki madaɓinki ki tafi. Shugabar wannan aiki a unguwarmu ita ce Yaya Tabawa, maƙwabciyarmu ta bayan danga. Kai ka san ta tsohuwa da sanda. A lokacin, in ta buga ƙasa a nan, ana ji a bakin rijiya.

Bayan na haifi babban yayanku, mahaifinka ya gina mini sabon ɗaki, matan suka zo suka yi masa daɓe. Da za su tafi Yaya Tabawa ta ce mini, “Amarya, kada ki shigar da kaya sai ƙasar nan ta daina sanyi a tafin ƙafa.” Ka san har yau Amarya take kirana, duk da jikokina. To, ni kuma ga sabon gadon ƙarfe mai rumfa, jikina har rawa yake mutane su gani. Washegari na taɓa ƙasa da yatsa, na ce wa kaina ai ta bushe. Na sa aka shigar da gado. Kafin mako ya zagayo ƙafafunsa sun lume, sun haƙa ramuka huɗu, in ka juya a kai sai ya yi ta rangaji. Da Yaya Tabawa ta gani ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, “Amarya, sannu da ƙoƙari. Ga gidajen dara kin fara haƙa wa Malam, saura ya gayyato abokai.”

Kuma ban daddara ba. A daminar nan na tasa mahaifinka gaba sai da ya sayo katakon ƙofa a kasuwar Kibiya, ɗanye shakaf, don na ƙi jiran rani. Aka haɗa ƙofa kyakkyawa. Da bazara ta yi, sai ta murɗe ta bar wata kafa daga ƙasa, kaji suna shiga suna fita ba sallama.

Don haka abu na farko, kada ka yi gaggawa. Katako yana shan laima da damina ya kumbura, ya saki da rani ya tsuke. Ka tambayi mai sayarwa yaushe aka yanka shi. In ka sayo, ka jera shi a cikin ɗakin da zai zauna, ka ƙyale shi ya saba da iskar gidan kafin a buga masa ƙusa ko ɗaya. A bar masa ɗan sarari a jikin bango inda zai motsa. Kafinta zai ce maka ya bushe, kai ma zuciyarka za ta ce ya bushe, domin dukanku kuna so a gama. Ni ma haka na ce da na taɓa ƙasar nan da yatsa.

Na biyu siminti. Wannan ka karanta shi da kyau, domin shi ne ya fi tsaya mini.

Wata shekara gyaɗa ta yi kyau, cinikin hatsin mahaifinka a Kibiya ya yi albarka. Ni kuma na je suna cikin garin Rano na ga ɗaki mai siminti, sumul, ana share shi da tsumma. Na dawo ban iya cin tuwo ba. A shekarar daɓena ya fara farfashewa, lokacin sabunta shi ya yi, kuma duk unguwa an sani. Ni ban ɓoye wa kowa komai ba, kawai ban ga dalilin faɗa ba. Mahaifinka ya kawo magini, ya fasa daɓen, ya shafe ɗakin da siminti. A raina na yi wa matan unguwa alheri, na hutar da bayansu.

Ranar nan da hantsi sai ga Yaya Tabawa da wasu mata, kowacce da madaɓi a hammata. Ashe ta riga ta jiƙa makuba a gidanta saboda ni.

Ta ce, “Amarya, mun iso. Ina marmarar?”

Na ce, “Yaya, ai bana na hutar da ku. Shigo ki gani.”

Ta leƙa, amma ba ta shiga ba. Ta ce, “Ma sha Allah. Wa ya yi?”

Na ce, “Wani magini ne daga Rano.”

Ta gyara madaɓinta a hammata ta ce, “To madalla. Allah ya sa shi ma ya riƙa zuwa barka.”

Na yi dariya, na ɗauka irin zolayarta ce. Suka sha ruwa suka tafi.

Babu wadda ta yi faɗa da ni. Gaisuwa ba ta yanke ba, in na haihu suna zuwa, in an yi rasuwa muna haɗuwa. Amma matan da a da suke faɗo mini ɗaki kai tsaye su haye gado su ce ina furar, sai suka koma yin sallama daga tsakar gida, su tsaya a bakin ƙofa su gama magana su juya. In za a yi daɓen wata, ba a aiko mini, sun ɗauka na wuce nan. Kuma a wurin daɓe ake jin komai, wadda ba ta da lafiya, wadda mijinta ya yi tafiya hatsi ya ƙare mata. Sai na zama ni ce ƙarshen ji. Na daɗe kafin in gane dalili. Macen da ta durƙusa ta bugi ƙasan ɗakinki da guminta tana jin tana da rabo a ɗakin, ba ta neman izinin shiga. Ni na fasa rabonsu na zubar a bayan gida ban ko sani ba. Na kuma ƙara da nawa: in baƙuwa ta shigo da taɓo a ƙafa, tana fita ina bin sawunta da tsumma, wani lokacin ma ba ta gama fita ba.

Ba simintin nake zagi ba, ya yi mini amfani. Abin da nake gaya maka shi ne, duk abin da za ka shimfiɗa a gidanka, ka tambayi kanka wa zai tsayar a bakin ƙofa. Ka zama ɗan Yalwa mai gida a Kano, kuma ka san abin da wannan yake nufi. Duk wanda aka tura babban asibiti, wurinka zai sauka, da buhun gero da ƙafar gona. Dangin Dije za su zo daga rugarsu ta wajen Kibiya da ƙwaryar nono, kuma nonon nan sai ya zube, ko ba yau ba. In ka san za ka riƙa duban ƙafar baƙo kafin ka dubi fuskarsa, to kada ka sa katako a falo, ka bar shi a ɗakunan kwana. Kicin da bakin banɗaki kuwa kada ma kafinta ya leƙa. Kuma ka ja wa Dije kunne da tattausar murya, kada a ga tsumma a hannunta baƙo yana gidan. Yarinyar kirki ce, amma tana da son tsabta irin nawa, shi ya sa nake jin tsoro.

Na uku leda. Simintin nan da na yi ta taƙama da shi ya tsage daga kusurwar da ruwa yake kwanciya a bayan ɗaki. Maimakon a fasa wurin a gyara, sai na sayo leda mai furanni na shimfiɗe ɗakin gaba ɗaya. Tsagar ta ɓace daga idona, ni kuma na manta da ita. A kan wannan kusurwa akwatina na katako yake, wanda zannuwan aurena suke ciki, har da saƙin da mahaifiyata ta ba ni. Ranar da na buɗe shi zan ciro wa yayarka saƙin nan ta tafi da shi ɗakin miji, ina ɗagawa ya zube a hannuna. Gara ta biyo tsagar, ta huda leda, ta hau akwati ta ƙasa, ta cinye ta bar mini ƙasa a ninke kamar zane. Na zauna a wurin na yi kuka kamar an aiko mini da rasuwa.

Na tuna da wannan ranar da ka kai ni ganin filinka, tun ba a sa bulo ba. Kai kana nuna mini nan falo, nan ɗakin Inna, ni kuwa idona yana kan surin da yake kusurwar gabas. Na yi maka magana ka ce leburori za su baje shi. Sun baje abin da yake sama. Garar tana nan ƙasa, kuma ɗakin da ka ce nawa ne, shi ne a gabas. Kafin katako ya shiga gidan nan, a haƙa wurin a kai ga uwarsu, a zuba magani, a tabbatar simintin da za a ɗora katakon a kai ba shi da tsaga kuma laima ba ta tasowa. Ka tsaya da ƙafarka a yi wannan a gabanka. Aikin da za a rufe shi ne wanda ake ha'inci a kansa, kuma ba ma'aikata kaɗai ba, har mai gidan.

Na huɗu tayal, kuma ka san inda maganar za ta.

Yayyenka ne suka haɗu suka ce za su gyara mana ɗaki. Suka kawo samfuri suka dire a gabana, kamar yadda ka yi. Akwai wani mai ɗan kaushi, ruwan ƙasa. Akwai wani fari fat, kana ganin fuskarka a ciki. Mahaifinka ya shafa farin da hannu ya ce, “Anya wannan ba zai yi santsi ba?” Na ce, “Kai Malam, ka cika tsoro. Sau ɗaya dai a rayuwa a bar ni in ga haske a ɗakina.” Ya yi murmushi ya ce a sa wanda nake so. Haka yake, Allah ya jiƙansa, bai iya hana ni abu ba.

Kana makaranta a Zariya lokacin. Ka san ya yi alwalar la'asar ya shigo ɗaukar hula da jiƙaƙƙiyar ƙafa, ka san ƙugunsa ya karye, ka zo ka gan shi a kwance. Abin da ba ka gani ba shi ne bayan ka koma. Da ƙashin ya kama, aka ce ya fara takawa da sanda, in ba haka ba ƙafar za ta mutu a zaune. Sai ya ƙi. Yana dafa sanda a kan tayal sai ta zame, ya koma ya zauna. Tsakar gida kuma damina ce, taɓo da kwazazzabo. Mutumin da yake taka keke har kasuwar Kibiya ya dawo ya shiga gona, ya zama sai an kawo masa buta bakin gado. Ya daina kunna rediyo. Ina kallonsa yana shanyewa, kuma duk inda na juya ina ganin fuskata a tayal ɗin nan.

Yaya Tabawa tana zuwa dubiya kullum, ta tsaya a bakin ƙofa kamar yadda ta saba tun shekarar siminti. Ran nan ta dube shi, ta dubi ƙasan ɗakin, ta juya ta dubi ƙarƙashin rumfa. Sai ta tafi. Bayan kwana biyu ina wanke-wanke na ji kukan jaki a ƙofar gida. Marmara ce. A bayanta ga tsofaffin unguwa sun jero, kowacce da madaɓin da ta tono daga ƙarƙashin gado, domin a lokacin an daɗe da daina daɓe a Yalwa. Wasu da ƙyar suke durƙusawa.

Yaya Tabawa ta ce, “Amarya, matsa mana. Ko yau ma magini kika kira?”

Sai hawaye suka zubo mini. Ta miƙo mini wani madaɓi ta ce, “Ajiye kukan nan, makubar da muka kawo ta ishe mu. Durƙusa.”

Na durƙusa a tsakiyarsu. Suka ɗauki waƙa suna zolayar mahaifinka, wai ango ya ƙi fitowa, wai sai an biya shi kuɗin sayen baki. Daga cikin ɗaki na ji dariyarsa, wadda rabona da ita tun kafin ya faɗi. Wannan karon ban bar ko kaza ta taka wurin ba sai da ya daina sanyi a tafin ƙafa. A kan daɓen nan sandarsa ta kama ƙasa. Daga wannan ginshiƙin rumfa zuwa wancan ya fara, yana zufa yana mita, har ya kai zaure, har ya koma masallaci da ƙafarsa. A nan ya yi zaman sauran shekarunsa, da rediyonsa da baƙinsa. Kuma tun ranar daɓen nan matan suka koma faɗo mini ɗaki ba tsayawa, suna ce mini furata ta cika ruwa.

Saboda haka, kowane irin katako ka saya, kada a shafa masa man nan mai sheƙi da yake mayar da shi madubi. Ka jiƙa ƙafarka ka taka shi a gaban mai sayarwa, ko zai yi maka kallon mahaukaci. Takwarata ta fara gudu, kuma ba ta san birki ba. Ni ma da buta nake yini.

Yanzu ga labarin katakonka uku. Kada ka ce na wulaƙanta maka kaya, gwaji na yi. Na fara ajiye su a gindin randa inda ruwa yake ɗiga, daga baya na kai su bayan rumbu inda gara take sarauta, na bar su damina ta yi ta dukansu. Mai sheƙin nan da ka ce daga waje aka kawo shi, wanda na lura shi ka fi turo mini gaba, tun a gindin randa ya kumbura, fatarsa ta ɗaye, cikinsa ya fito kamar dusa da aka matse. Farin nan mara nauyi ya jure ruwa, amma gara ta yi biki a kansa. Jan nan mai nauyi da ka ce maɗaci ne, launinsa ya ƙara duhu kawai, na goge shi ya dawo. Ban yi mamaki ba. Kai ma ka san ɗacin maɗaci, na sha ɗura maka jiƙonsa kana ihu kana kiran mahaifinka. Ni ba kafinta ba ce, ka ƙara tambayar masu sana'ar, akwai abin da suka sani da randa ba za ta gaya mini ba. Amma abin da idona ya gani ke nan.

Kuma zan ba ka gaskiyarka. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na ɗora ƙafa ɗaya a kan jan katakon, ɗaya a kan tayal. Ta kan tayal sanyin ya harbo har gwiwa, ta kan katako kuwa shiru. Ashe ka lura da yadda nake tashi daga sallaya ina cije baki, ni ina zaton na ɓoye. Wannan karon kai ne da gaskiya. Kada ka saba.

Duk da haka ban iya cewa to ba. Sai na ɗauki katakon na zaga bayan danga wurin Yaya Tabawa. Ka san yanzu ba ta fita, idon ma sai a hankali. Na sa mata shi a hannu, ta shafa, ta shinshina.

Na ce, “Yaya, yaron nan so yake in bi shi Kano.”

Ta ce, “To me kike jira?”

Na ce, “Ban san kowa ba a can. Na ga unguwar. Katanga ce doguwa, kowa da ƙofarsa ta ƙarfe, ba ka jin ko kukan yaro. Ga rumfar Malam, wa zan bar wa? Ga ki kuma.”

Ta ce, “Rumfar Malam muna nan, jikokina za su share ta, ni kuma a kai ni in sha iska. Ni kuwa ba ke kike riƙe da raina ba. Ke da aka kawo ki Yalwa, wa kika sani?”

Na ce, “Babu.”

Ta ce, “To. Sa hannu ƙarƙashin gadon nan.”

Na laluba na jawo madaɓinta. Na iccen ƙirya ne, ya yi baƙi ya yi sumul, mariƙin ya lotsa daidai inda yatsunta suke zama. Da shi ta yi daɓen ɗakin da aka kawo ni, da shi ta zo ranar da na mayar da ita, da shi ta yi na mahaifinka.

Ta ce, “Ni na gama da shi. Tafi da shi ki nemo mutane.”

Na daɗe a zaune a gefen gadonta. Na san in na tafi, ba lalle in dawo in same ta ba, ita ma ta sani. Sai ta ce in tashi in ba ta wuri, na cika mata ɗaki da ajiyar zuciya.

To ga amsarka, Auta. Na zaɓi maɗacin, launinsa ma irin na makuba ne. Zan zo. Amma da sharaɗi ɗaya, kuma ba na ragi. Ƙofar ɗakina, ƙarƙashin 'yar rumfar da ka yi, kada a sa katako, kada a sa tayal, kada a shafa siminti. Ka bar mini ita ƙasa. Marmara motar kasuwa za ta kawo daga nan, ɓawon ɗorawa kuwa na riga na shanya. In mun tare, ni da Dije za mu bi ƙofofin ƙarfen nan ɗaya bayan ɗaya mu buga, mu ce ana gayyatar matan gida daɓe. Na san za a yi mana dariya. Wasu ba su taɓa jin kalmar ba, wasu za su zo da leshi su tsaya suna ɗaukar mu a waya. Su zo ɗin. A cikinsu ba za a rasa wadda aka haifa a ƙauye ba, wadda hannunta zai tuna, kuma in ɗaya ta durƙusa ta biyu za ta ji kunyar tsayuwa. Ba don kaina kaɗai nake yi ba. Kai za ka fita da safe sai yamma, yarinyar nan kuma ta saba da gida mai mutane. Ina so ranar da zazzaɓi ya kama takwarata kana wurin aiki, a samu macen da za ta turo ƙofa ba tare da ta tsaya neman izini ba.

Naka aikin a ranar kaɗan ne. Ka sayo goro mai kyau, dangin Dije za su kawo nono, sannan ka yi nisa da gidan, domin kai za a sa a waƙa kuma ni zan ba da amshi.

Direban da ya kawo maka takardar nan zai miƙa maka wani ƙunshi a tsohon zane. Kada ka jefa shi sito cikin ragowar fenti, kada leburori su ɗauka iccen wuta ne. Shi ne farkon kayana da ya shiga gidanka. Ka jingine shi a ƙofar ɗakina ya jira ni, ina tafe in an yanke dawa.

Allah ya yi maka albarka, Auta, ya jiƙan mahaifinka, ya ba Yaya Tabawa sauƙi. Allah ya tsare ka a hanya da wurin aiki, ya tsare gidanka daga wuta da gara da mugun baƙo. Ya sa mu shiga lafiya mu zauna lafiya. Ya sa kullum in ka dawo da yamma, sai ka tsallake takalman mutane kafin ka iso ka gaishe ni. Amin.

Ni ce mahaifiyarka,
Inna.